Simintin da Na Zuba a Mawankin Allo

Har gobe ban manta da wata safiyar Asabar ba, a ƙarshen bazarar 1955, da na ga Baffana, dattijon da ya haura saba'in, ya durƙusa a ƙasa yana tare ruwa da rawaninsa saboda wani aiki da na yi da hannuna. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina gini. Kwalbatocin da na sa wa hannu tsakanin Bebeji da Doguwa ni kaina ban san adadinsu ba. Amma duk sanda ku matasan magina kuka tambaye ni aikin da ya fi koya mini hankali, wani ɗan wuri nake tunawa wanda faɗinsa bai wuce tabarma uku ba. Kuma ba wanda ya sa ni aikin, ni na sa kaina.

Bari in fara da yadda tsarin aiki yake a lokacin, saboda waɗanda ba su riske shi ba. Mutum yakan shiga ma'aikatar ayyuka yana lebura, yana jidar yashi da kwanon sarki. In aka ga yana da kai, sai a mai da shi mai kwaɓa, daga nan a miƙa masa cokalin gini ya zama ƙaramin magini. A wannan matakin mutane da yawa suke tsufa. Kafin ka zama cikakken magini mai takarda, wanda za a iya ba wa ma'aikata ya shugabance su a matsayin helma, sai ka ci jarrabawar sana'a. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Waɗanda foman ya rubuta sunansu ake kwasa a mota a kai Kano, su yi mako biyu suna gini a gaban masu dubawa. Foman shi ne babba a kan duk helmomin sansani. Namu sunansa Malam Garba, mutum ne mai tsadar magana, kuma a wannan shekarar, bayan na yi shekara tara a bakin aiki, ya sa sunana. Muna sansani kusa da Tudun Wada, ya ba ni hutun mako guda in je gida in dawo ran Lahadi, domin motar Kano ran Litinin za ta tashi.

Gida a wurina shi ne gidan Baffa, Malam Isiyaku, a wani ƙauye da ke gefen Bebeji. Wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami da mahaifina ya rasu. Yana da makarantar allo da ya gada daga kakanmu, yara da magidanta duk suna ɗaukar karatu a zaurensa. Burinsa in zauna in sauke, in taimake shi. Ni kuwa ina izu ashirin na bi masu aikin hanya. Bai yi mini baki ba, bai kuma hana ni ba. Abin da ya yi shi ne, shekara tara bai taɓa tambayata yaya aiki ba. Zai tambayi lafiyata, ya tambayi ko ina samun jam'i a sansani, shi ke nan. Wannan shirun yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa muku. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar Baffa ya ga aikin hannuna sau ɗaya, ya yarda cewa abin da na bar karatu dominsa ba shirme ba ne.

A bayan zaure, ta kusurwar gabas, akwai wurin da ake wanke alluna. In ɗalibi ya haddace abin da ke kan allonsa, can zai je ya wanke tawadar kafin ya yi sabon rubutu. Kakanmu ne ya shimfiɗa wurin da falalen duwatsu guda talatin da ɗaya, waɗanda ya ɗauko a kan jakuna daga bakin kogi ta wajen Tiga, tun ba a yi mafarkin dam ba. Tsakanin dutse da dutse akwai tazarar yatsa biyu, cike da yashi. Na wanke allona a nan sau ba iyaka. Na san ba a hawa wurin da takalmi, ba a tofa yawu, ba a barin akuya ta raɓe shi. Amma ban taɓa tambayar kaina inda ruwan yake tafiya ba. Ina zubawa, ya ɓace, in tashi.

Da na iso ran Litinin ban sami Baffa ba, ya tafi Kiru ta'aziyyar wani abokin karatunsa, sai Alhamis zai dawo, makaranta kuma tana hutu har ya dawo. Matarsa, Inna Dije, ita ta ba ni ruwa. Ina zagawa na ga yadda mawankin ya koma. Ruwan damina ya kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, ramuka sun buɗe har hannu yana shiga, in ka taka gefen wani dutsen sai ɗaya gefen ya ɗaga. Inna ta ce a da Malam da kansa yake gyarawa kowace shekara, amma shekara uku ke nan gwiwarsa ta hana shi dogon durƙuso. Ta ce watan jiya dutse ya goce da shi ya faɗi a kan kafaɗa, ita kuma kunama ta fito daga ramin ta harbe ta a ɗan yatsa.

Ina jin haka na ji kamar an yi mini bushara. Ga aiki irin nawa, a gidanmu, ga kwana uku kafin mai gida ya dawo. Na gaya wa Inna zan je Bebeji in sayo siminti in gyara wurin yadda ba zai sake lalacewa ba. Sai ta ce:

"Sa'idu, da ka bari Malam ya dawo tukuna. Wurin nan ba ya son a taɓa masa shi."

Na yi dariya, na ce ai shi ya sa nake so ya dawo ya tarar an gama, don in na tambaye shi cewa zai yi kada in wahalar da kaina. Ta ce ita dai ta faɗa. Ban tambaye ta dalili ba. A raina na ce tsofaffi ne da tsoron sabon abu, kuma me Inna za ta gaya wa mutumin da za a kai Kano jarrabawa.

Aikin kuwa na yi shi bisa ƙa'ida, ba na jin kunyar faɗa. Na kwashe ragowar yashin da ke tsakanin duwatsun har zurfin yatsa uku, na share ƙurar, na daidaita duwatsun da ke rawa. Na jiƙa ramukan, domin busasshen dutse yana shanye ruwan kwaɓi ya bar shi yana marmashewa. Na kwaɓa siminti ɗaya da yashi uku, ba ruwa-ruwa ba, na riƙa cusawa da bakin cokali ina dannawa har ba sauran iska. Da ya fara kamawa na bi shi da guntun ƙarfe na goge, ya yi sumul. Sannan na tuna darasin farko da ake koya wa kowane mai aikin hanya, cewa ruwan da ya kwanta ko ya nutse a gindin gini shi ne ajalin ginin, aikin magini ya nuna masa hanyar fita. Taku biyu daga mawankin akwai rariya a gindin katanga, inda ruwan tsakar gida yake fita lungu. Sai na yi ɗan siririn magudani daga bakin duwatsun zuwa rariyar, na ba shi gangare mai kyau. Wallahi ruwan sama kawai ke cikin kaina. Alluna suna jingine a zaure, ban ga ana wanki ba, ban kuma tuna ba. Na gama ran Laraba, na rufe da jiƙaƙƙun buhuna.

Baffa ya dawo ran Alhamis bayan la'asar. Bayan gaisuwa na ja shi na yaye buhunan. Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya riga ya yi rauni, ina jin bai lura da magudanin ba, domin na lulluɓe shi da ƙasa kada rana ta fasa shi. Ya taɓa simintin da sandarsa, ya tambaye ni ko ruwa yana ratsa wannan abin. Na ce ko ɗigo, da alfahari na faɗa. Ya ce, "To. Ka sha aiki. Allah ya yi albarka." Ya wuce ciki. Na ɗauka gajiyar hanya ce ta hana shi ƙara wani abu. Daga baya Inna ta gaya mini ranar ko tuwo bai ci ba.

Ran Asabar da hantsi aka koma karatu. Bayan hutun kusan mako, kowa ya zo da hadda, mutum wajen ashirin suka yi layi da butoci. Na share ƙasar da ke kan magudanin tun da safe, ina tsaye gefe ina jiran a yaba. Aka fara wanki. Ruwa baƙi ƙirin ya sauka a kan duwatsu, ya nemi inda ya saba shiga bai samu ba, ya taru, ya bi gangaren da na yi masa tiryan-tiryan, ya nufi rariya. A bayan wannan katangar kuwa lungu ne, inda ruwan wanke-wanken gidaje uku yake haɗuwa, inda maƙwabcinmu yake ɗaure jakinsa.

Ban taɓa ganin Baffa yana gudu ba sai ranar. Ya yar da sanda, ya zube a bakin rariya, ya warware rawaninsa ya cusa a ciki, ya sa tafukansa biyu ya tare sauran. Bai yi tsawa ba, ya dai ce a dakata da wankin. A lokacin ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Ruwan nan ayoyi ne aka wanke a cikinsa. Tazarar da kakanmu ya bari tsakanin duwatsu ba rashin iya aiki ba ne, hanya ce ya bar wa ruwan ya nutse a ƙasa mai tsarki inda ƙafa ba ta takawa. Ni kuwa na toshe ta, na buɗe masa wata zuwa kwata. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na kasa ɗaga ƙafa in je in taimake shi.

Aka kawo daro, ya matse rawanin a ciki, aka kwashe ruwan da ya kwanta da tsumma mai tsabta. Kaɗan ya riga ya fita. Baffa ya zagaya lungu da kansa, ya kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bakin rariya da hannu, ya zuba a gaban rigarsa, mutane suna kallo.

Da aka watse na same shi a zaure na durƙusa. Na ce zan haƙa wani ramin a wata kusurwa a koma wanki can. Ya ce wace kusurwa? Ɗaya makewayi ne, ɗaya turke, ɗaya madafi. Wannan kaɗai ce tun da aka kafa gidan ba a taɓa zuba ƙazanta a cikinta ba. Na ce to zan fasa simintin. Ya girgiza kai.

"Aikinka ya yi kyau, kada ka taɓa shi. Niyyarka alheri ce. Za a riƙa wanki a daro, ni in kai gona in zuba a gindin bishiya."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Da azahar na ga ya ɗora daron a ka, yana ɗingishi, ya nufi gona, tafiyar da ta kai a karanta izu guda. Magidanta biyu daga cikin ɗalibansa suka bi shi suna roƙo ya ba su, ya ƙi. Ya ce shi aka bar wa amanar, in ruwan zai zube a hanya gara ya zube a wuyansa. Na san halinsa. Haka zai yi kullum, da rani da damina, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce in rushe abin da na gina ba.

Ku da kuke sana'ar kun san abin da ke gabana, amma bari in bayyana wa sauran. Siminti ba rana ɗaya yake yin ƙarfi ba. A makon farko yana da sauran taushi, in ka bi shi a hankali zai bar jikin dutse. Kullum yana ƙara tauri, in ya yi wata guda ya gama. Duwatsun kakanmu kuwa sirara ne, masu ɓarewa. In simintin ya fi su ƙarfi, duk dukan da ka yi dutsen ne zai fashe, ba simintin ba. Nawa ya kwana uku. In na tafi Kano mako biyu, daga can kuma sansani zai koma Doguwa a yi ta fama kafin ruwa ya sauka, ba sauran hutu sai bayan damina. Kafin nan ba abin da zai fitar da simintin sai an farfasa wurin duka.

Ban gaya wa kowa a gida zancen jarrabawa ba tun farko, so nake sai na dawo da takarda. Ran Lahadi bayan asuba na hau keke, na isa sansani da azahar. Dole in je da kaina, domin wanda bai dawo ranar da aka yanka masa ba korarsa ake yi, kuma ba ni da siririn cizal, wato ƙarfen sassaƙa, da aikin yake bukata. Na sami Malam Garba a gindin wata ɗorawa yana duba takardu, na gaya masa komai ban rage ba. Ya tambaye ni kwana nawa da zubawa, da kaurin duwatsun. Na faɗa. Bai ce in bari sai an dawo ba, don ya fi ni sanin ba zai yiwu ba. Ya tambaya ko na san mota ba ta jira, kuma ba shi da tabbacin baɗi shi ne zai rubuta sunaye. Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan sunana ina kallo. Ya ce ya ƙara mini kwana bakwai, ran na takwas in same su a Doguwa. Har na juya ya kira ni, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani cizal siriri da ba ya ba kowa aro.

"Ka kwantar da bakinsa wajen simintin, ba wajen dutsen ba. Ka jiƙa tukuna. Kuma kada ka yi aikin da fushin kanka, hannun mai fushi yana da nauyi."

Washegari ina tura keke zuwa bakin hanya motar Kano ta wuce ni da abokan aikina uku a baya, suna ɗaga mini hannu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye.

Ran Talata na fara. Na je na gaya wa Baffa cewa a karon farko zan saɓa masa, zan fasa. Ya dube ni ya ce ba shi ya sa ni ba. Na ce na sani. Abin da na zuba a kwana biyu sai da ya ci mini kwana biyar kafin ya fita. Ina jiƙawa, ina bin kowane layi da ɗan duka kamar mai fasa goro, faɗin yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da yamma hannuna ba ya iya riƙe loma.

A rana ta farko ina tara ɓaraguzan simintin a kwanon sarki don in kai juji, sai na ga inuwa a kaina. Baffa ne. Ya ce ina zan kai su? Na faɗa. Ya ce a'a, ruwan allo ya taɓa su, binne su za a yi a gona. Ya sa aka kawo masa buzu, ya zauna a gefe ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya ɗauki faifai yana tsince duk ɗan guntun da ya yi tsalle, har wanda bai kai ƙwayar gero ba. Haka muka yi kwana biyar. In ya dawo daga kai daro gona sai ya zo ya zauna. Ba ma wata hira, amma tun da na bar gida ban taɓa daɗewa kusa da shi haka ba.

Duk da taka-tsantsan, duwatsu biyu sun tsage. Na biyun babba ne, na tsakiya, ya rabe gida biyu ran Juma'a da safe. Na zauna ina kallonsa. Baffa ya shafa tsagin da hannu, sannan ya ce in ɗaga shi tunda ya riga ya rabu. Da na ɗaga sai na ga abin da ke ƙasa. Yashi mai kauri a sama, ƙarƙashinsa tsakuwa, ƙarƙashinta tsingaron tukwane da gawayi, an jera su hawa-hawa a cikin rami. Duk sun yi baƙi, na zura hannu har gwiwar hannu ban kai ƙarshen baƙin ba. Tawadar shekara sittin ce ko fiye. Wannan jerin kuwa shi ne ainihin abin da injiniya ya zana mana a takarda, wanda muke yi a bayan bangon kwalbati don ruwa ya tsiyaye. Na yi shekaru ina ganin ilimin nan da mota aka kawo shi. Ashe kakana ya yi shi a bayan zaurenmu da jaki da fartanya, ni kuma na zo ina yi masa gyara.

Baffa ya ce yana da shekara goma aka yi ramin, shi ya riƙa miƙa wa mahaifinsa tsingaron. Ya ce duk wanda ya yi karatu a gidan nan, har da ubana, rubutunsa yana cikin wannan ƙasar.

Da simintin ya fita duka, na tambaye shi yadda ake cikawa, tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya nuna mini. Yashin kogi ake tankaɗewa a zubar da mai laushin, a ɗauki mai tsakuwa-tsakuwa, a zuba a daddanna da tsinken kara, a yayyafa ruwa, a ƙara. Na ce ina da shawara, in ya ba ni izini, in bai ba ni ba shi ke nan. Na ce abin da ke kwashe yashin ba ruwan allo ba ne, ruwan damina ne da ke gangarowa daga tsakar gida ya bi ta kan duwatsun. In aka yi ɗan dakali kewaye da wurin, tsayin tafin hannu, na waje ba zai shiga ba, na ciki ba zai fita ba, duwatsun kuma za su sami abin jingina su daina rawa. Siminti a kewaye kawai, ba zai taɓa tsakani ba. Ya yi mini tambayoyi sun fi goma, irin yadda yake titsiye ɗalibi, har da inda ruwan saman da ya faɗo a ciki zai bi. Na amsa. Ya ce in yi.

Ran Lahadi na toshe magudanin, na ɗaure dakalin. Baffa ya ɗauki buta da kansa ya tsiyaya ruwa a tsakiya. Muka tsaya muna kallo har ya nutse, duwatsun suka fara bushewa. Sai ya ce Inna ta ji daga wani direba a kasuwar Bebeji cewa an kai magina Kano, kuma da sunana a ciki aka cire. Ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne.

"Da ka gaya mini, da na ce ka tafi."

"Shi ya sa ban gaya maka ba, Baffa."

Ya kama hannuwana biyu ya juya su. Siminti ya cinye fatar yatsun, guduma ta fasa farce biyu. Ya daɗe yana dubawa da idon nan nasa mai rauni. Sannan ya ce yana da 'ya'ya biyu da suka sauke, da ɗalibai da yawa da suka fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma daga yau wurin nan a hannuna yake, ni zan riƙa zuwa ina cika shi kafin kowace damina, kada wani ya sa masa hannu ba da sanina ba. Ya tambaye ni a Doguwa wane irin aiki za mu yi, kuma kwalbati ɗaya kwana nawa take ci. Na zauna na ba shi labari har aka kira la'asar.

Abin da na ɗauka daga nan na riƙe shi har na ajiye aiki, kuma da na zama helma na ɗora wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. In aka kira ka gyara, kada ka buɗe buhu sai ka zuba ruwa a wurin ka ga inda yake bi, sannan ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ko tsohuwa ce, ka tambaye ta me ya sa yake bin nan. In ta ce ka jira, ka jira. Mu magina muna da wata cuta, duk ramin da muka gani sai mu ɗauka kuskuren wani ne, kuma wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi saurin toshewa. Aikina na farko a mawankin nan ba shi da aibu ko ɗaya a ƙa'idar sana'a, da masu dubawa na Kano sun gani da sun ba ni maki. Shi ne kuma mafi munin aikin da na taɓa yi.

Wasu a sansani sun daɗe suna yi mini tsiya, wai na sayar da takarda da yashin kogi. Ban taɓa ba su amsa ba. Jarrabawar ta jira ni, shekara biyu bayan nan aka sake sa sunana, na je na ci. Baffa kuwa a cikin wannan daminar ya kwanta, kafin a yanke gero ya rasu. Da na hau motar Kano ran Litinin ɗin nan, da sauran kwanakinsa na duniya da daro a ka ya ƙare su.